Ƙofar da Na Sa Aka Toshe

Wannan shi ne littafi na uku da na saya don in rubuta maganar nan. Na farko tun mahaifiyarku tana da rai na saye shi, na cika shafi biyu na yage. Na biyu ya daɗe a ƙarƙashin katifa har gara ta ci gefensa. Duk sanda na ɗauki biro sai in ce, in na ambaci wane 'ya'yansa za su ji ciwo, in na tsallake shi kuma na rage gaskiya, sai in ajiye in ce gobe. Ni firamare kawai na gama, ban iya tsara magana irin ta masu littafi ba, kuma ina tsoron in ɗora wa wani abin da bai yi ba. Abin da ya zaunar da ni a wannan karon shi ne labarin da Hauwa ta kawo daga gidan suna a Chanchaga. Wata mata ta nuna ta da baki ta ce ga 'yar mutumin da ya cinye gidan maƙwabciyarsa. Hauwa ta yi faɗa har aka riƙe ta. Da ta gama ba ni labari ta tsaya tana jiran in ce ƙarya ce. Ban ce ƙarya ce ba, ban ce gaskiya ce ba, na tashi na ɗauki buta. To ga yadda aka yi, ku karanta ku yanke da kanku.

Kun san kakanku jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, a kusa da tasha aka haife mu. Da ya rasu aka raba gado, na ɗauki nawa na nemi fili a bayan Dutsen Kura, wurin da daga baya aka riƙa kira Layin Rafi. A lokacin gonar doya ce ta wani dattijo Bagwari. Rana ɗaya muka je wurinsa ni da Bulus. Bulus direban tifa ne, mutumin kudancin Kaduna, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Dattijon ya zagaya da mu yana karya reshen bini-da-zugu yana cakawa a ƙasa, ya ce daga nan zuwa nan naka, daga nan zuwa bakin rafi na wannan. Aka raba goro, shaidu biyu suka yi addu'a kowa irin tasa, aka watse. Ba wanda ya yi zancen takarda, haka ake sayen fili a wajen a wancan lokaci. Da muka tashi gini muka haɗa katangar tsakiya don mu rage bulo. Ƙofata ta kalli layi, ta Bulus ta kalli rafi, inda wata 'yar hanya ta bi. Gida biyu ne, ƙofa biyu. Wannan ina so ku riƙe shi da kyau.

Bulus ya rasu a hatsarin mota, ya bar matarsa Rifkatu, wadda ku kuka taso kuna ce wa Mama, mu kuma Maman Yohanna. Yohanna shi ne ɗansu ɗaya, yana gama sakandare ya shiga soja aka tura shi kudu. Ita doya take sarowa a kasuwannin ƙauye tana sayarwa. Mace ce mai ƙarfin jiki da ƙarfin murya, in tana dariya a tsakar gidanta har zaurena nake ji, inda nake gyaran kekunan ɗinki. Damina biyu bayan rasuwar Bulus rafin ya cika ya shigar mata ta ƙofa, ya jiƙa katifa, ya kwashe doyar da ta jibge. Ni kuwa kun san halina. Daga ranar ko hadari ya taso sai in bar aiki in je in tsaya ina kallon bakin rafi. Na same ta tana shanya kaya na ce:

"Maman Yohanna, ƙofar nan ba za ta bar ki lafiya ba. Ki toshe ta. Mu fasa katangar tsakiya ki riƙa bi ta zaurena."

"Kai Baban Hauwa! Kai ko gajimare ya yi tari sai ka fara ɗaure kaya. Ruwa ya shiga ya fita, mene ne?"

"Bana doya ya ɗauka. Baɗi fa?"

"Baɗi sai ya ɗauke ni in huta da surutunka."

Mako uku ban bar ta ta sha ruwa ba, har ta gaji ta kira birkila. Aka jera bulo a ƙofar, aka shafe da siminti, aka buɗe wata a katangar tsakiya. Shekara shida muka yi haka. Zaurena ya zama na gida biyu. Kekunan mutane a kwance a gabana, doyarta a jingine a lungu, har masu kawo gyara suna tambaya ko na sake sana'a. Ranar Laraba matan zumuntar cocinsu su wuce da zanensu iri ɗaya, su ce sannu da aiki Malam, in janye ƙafa. Mahaifiyarku Hajara in gishiri ya ƙare mata ko mayafi ba ta sawa, sai ta tsaga ta shiga. Ruwa bai sake shigar mata ba, kuma duk damina sai na tuna mata cewa shawarata ce.

Shekarar da nake son ku sani ita ce ta zaɓen kansiloli, 'yan shekaru bayan an dawo mulkin farar hula. A farkon shekarar aka kira mu gaban gidan Mai Unguwa aka ce za a fitar da titi da babbar magudanar ruwa ta bakin rafi, Layin Rafi zai tashi. Duk mai gida za a ba shi fuloti a can wajen hanyar Bida, gwargwadon girman gidansa. 'Yan haya kuwa wa'adi kawai za a ba su. Da yake kusan ba wanda ke da takarda, ma'aikatan suka ce ga yadda za a yi: ƙofa za a ƙirga. Duk ƙofar da ta fita waje a sa mata lamba ɗaya, lamba ɗaya suna ɗaya. Ƙungiyar unguwa ce za ta rubuta sunayen. Ni ne sakataren ƙungiya, ba don ilimi ba, don an san in na rubuta abu sai na karanta shi sau uku.

Ranar da aka zo sa lamba Maman Yohanna ta yi sammako kasuwar ƙauye. Ina zaure ina fama da wani keke mai tsinka zare, sai ga ma'aikata biyu, ɗaya da bokitin jan fenti, ɗaya da tef. Mai fentin ya ce, gidan waye? Na ce nawa. Ya rubuta lamba a jikin ƙofa. Mai tef ya zagaya ta waje ya auna katanga daga layi har bakin rafi. Ina kallonsa yana aunawa, hankalina yana kan ko fentin zai ɗiga wa keken mutane. Daga nan na ɗauki littafina na bi su ƙofa ƙofa har ƙarshen layi, ina rubuta lamba da suna. Na karanta sau uku kamar yadda na saba, babu kuskure ko ɗaya. Na sa hannu, Mai Unguwa ya dangwala, suka tafi da takardar. Sai bayan la'asar, ina cin abinci, Hajara ta ce:

"Malam, ita Maman Yohanna lamba nawa aka ba ta?"

Lomar da ke hannuna ban kai ta baki ba.

Na je wurin Mai Unguwa ko hula ban sa ba. Tsoho ne, ya san Bulus, ya san gida biyu ne. Ya ce shi dai ya dangwala, takarda ta fita daga hannunsa, in je in ga Shehu. Shehu mai buga bulo ne a bakin titi, shi ya tsaya takarar kansila a mazaɓarmu, kuma tun da aka fara maganar tashi ya mai da ita tasa. Kullum yana gaya wa mutane shi ne ke bin fayil ɗinmu a ofis, in ba shi ba ko taku ɗaya ba za a ba mu ba. Na same shi a gidan bulonsa, hotunansa manne har a jikin tankin ruwa.

"Sakatare! Sakataren duniya! Ku ba shi kujera kafin ya rubuta mu."

Na faɗa masa abin da ya faru. Ya daina dariya.

"Malam Tanko, ka san abin da ya sami mutanen tsallaken rafi? Cushen sunaye suka yi, aka kama, yanzu fayil ɗinsu yana ƙarƙashin tebur. In ka je ka ce a ƙara suna ɗaya, za a ce duk takardar ta bogi ce. Kai ka sa hannu fa. Za ka iya da mutanen layin nan?"

"Amma gidanta ne, Shehu. Kai ma bulonka aka sa aka toshe ƙofar."

"Na sani mana. Ka bari a yi zaɓe. In na hau, da birona zan sa sunanta, ba wanda zai ce uffan." Sai ya ce, "Ita wa take yi ne ma? Na ga hoton malamin makarantar nan a teburin doyarta."

Malamin makarantar shi ne abokin takararsa, ɗan cocinsu ne. Na ce ni ban san wa take yi ba. Na sani. Wannan ita ce ƙaryar farko da na yi a maganar nan, kuma na yi ta ne ina ganin taimakonta nake.

Da ta dawo na gaya mata a tsakar gida, gaban Hajara. Ban ɓoye komai ba. Ta ajiye kwandon da ke kanta, ta goge fuska da bakin zane, ta ce:

"To ai da sauƙi. Gobe in samo guduma in fasa ƙofata. Tana nan inda Bulus ya sa ta."

Da ma na bar ta ta fasa. Amma a makon nan kowa a layin ya zama magini. Da mutane suka gane ƙofa ake ƙirgawa, sai aka shiga huda katanga. Mai ɗaki huɗu ya wayi gari da ƙofa uku. Wani har bayan bayinsa ya huda ya rataya buhu. Ana sayen jan fenti a kasuwa ana kwaikwayon lamba. Ni da na ga wannan sai tsoro ya kama ni, domin an ce za a dawo tantancewa, kuma duk wanda aka samu da sabuwar ƙofa zai rasa har ta gaskiyar. Na ce mata:

"Kar ki taɓa. In kika fasa yanzu, taki da ta masu huda bayi duk ɗaya za a ɗauke su. Ki bari ranar tantancewa, ni da bakina zan tashi in yi bayani."

"Kai za ka tashi?"

"Ni zan tashi."

Ta dube ni ta dubi Hajara. Hajara ta ce, "Yaya, ai kin san Malam ba ya ƙarya." Ta ce to. Sau biyu ke nan tana bin shawarata a kan ƙofar nan.

Wata ɗaya da rabi aka yi kafin tantancewa. Ba zan iya kwatanta muku yadda layin ya koma ba. Motar kamfe ta shigo da lasifika da safe, ta abokin hamayya ta shigo da yamma, duk maganarsu ɗaya, fuloti. Masu sayar da ruwa a kura suka daina ba da labarin ƙwallo, sai wa za a ba, wa za a hana. 'Yan haya suka fara neman ɗaki a Chanchaga da Maitumbi. Mutanen da muke sallah sahu ɗaya suka riƙa tare ni a hanya, wannan ya ce Sakatare ka ga ƙanena ma yana da iyali, wancan ya ce Sakatare mun ji kana son ka taɓa takarda saboda matar nan, ka yi a hankali. Ban san wa ya fitar da maganar ba, ba zan ɗora wa kowa ba. Na rubuta abin da zan faɗa a 'yar takarda, na haddace, ina maimaitawa ina juya keke. Na rame har Hajara ta ce ko typhoid ne. Maman Yohanna kuwa harkarta take yi, in ta wuce ta zaure sai ta ce, "Lauyana, sannu da aiki."

Aka yi tantancewar saura kwana huɗu zaɓe, a filin makarantar firamare, da hantsi. Aka ajiye tebur a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Babban ma'aikacin wani mutum ne mai furfura da tabarau, Shehu ya ja kujera ya zauna kusa da shi kamar tare suka zo. Ni aka tsayar da ni a gefe da littafina. Kafin a zo kanmu an kama ƙofofin bogi sun kai biyar. Mai hudar bayi ya rantse tun kakansa ƙofar take, aka yi dariya, amma mai tabarau bai yi ba. Ya buga fayil a tebur ya ce:

"Ku saurara. Na gaji. In na sake samun magana ɗaya da ta saɓa da takardar nan, zan naɗe ta in tafi, ku je ku nemi wanda zai ba ku fili."

Na ga wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Sai aka kira lambata. Kafin in buɗe baki Maman Yohanna ta miƙe daga cikin mata, ta sa zanenta na zuwa coci.

"Yallaɓai, lambar nan gida biyu ce. Rabi nawa ne, mijina ya gina."

Mai tabarau ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai ne sakatare?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ka rubuta wannan, ka sa hannu cewa daidai ne?"

"Ni ne."

"Gidan nan ƙofa nawa gare shi?"

Shehu ya ce daga zaune, "Yallaɓai, zama take a ciki, mutumin kirki ne ya taimake ta." Wani daga baya ya ce, Malam Tanko ka tuna da 'ya'yanmu. 'Yar takardar da na haddace tana aljihuna, hannuna yana kanta. Na dubi mutanen nan, na san kowa, na san ɗakin da kowa yake kwana, ni na rubuta sunayensu. A raina na ga fayil ɗin a naɗe a hammatar mutumin nan yana tafiya, na ga an juyo kaina. Ba zan ce muku don su kaɗai na yi ba. Tsoro na ji.

"Ƙofa ɗaya ce, ranka ya daɗe."

"Akwai gyara?"

"A takarda haka yake."

Ya mai da tabarau ya yi alama da biro. Maman Yohanna ba ta ɗaga murya ba, ita da ake jin dariyarta daga layi. A hankali ta ce:

"Baban Hauwa, wa ya ce in toshe ƙofar?"

Na mai da idona kan littafina. Ta ɗan jira. Sai ta ce to, ta gyara ɗaurin zanenta ta ratsa mutane ta fita. Aka kira lamba ta gaba.

Da na koma gida Hajara tana tsakar gida a tsaye, labari ya riga ni. Tun da na aure ta ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Tanko, ni na ce mata ba ka ƙarya."

"Ai ban yi ƙarya ba. Ƙofa ɗaya ce."

"Haka za ka faɗa in an tambaye ka a lahira?"

Ta shiga ɗaki. Kwana uku abincina a rufe take ajiye mini a zaure.

Ranar zaɓe na bi layi na dangwala wa Shehu, ina gaya wa kaina cewa ta nan ne kawai sunanta zai shiga. Ya ci. Na yi ta sintiri gidansa, yau yana taro, gobe ya tafi gaisuwa, jibi yana barci. Da na gaji na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na wanke riga na tafi ofishin da kaina. Na yi kwana biyu a benci kafin in ga mai tabarau. Na faɗa masa komai, tun daga dattijon Bagwari har toshe ƙofa. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan ce ya wulaƙanta ni ba.

"Malam, me ya hana ka faɗi wannan a ranar? Da sai mu taka mu duba bango. Tsohon toshi ai ba ya ɓuya, siminti na shekara shida daban yake da na jiya. Mun yi wa mutum biyu haka a wata unguwa."

"Ranka ya daɗe, ka ce za ka naɗe takarda."

"In ban faɗi haka ba da yanzu muna can ana kawo mini ƙofar bayi. Ina ni ina soke unguwa guda?"

Na ce to kansila fa, shi da ya ce zai sa sunanta? Ya dube ni kamar yana jin tausayina, ya ce kansila ba shi da hannu a wannan takarda, ko kafin zaɓe ko bayansa. Ya ce an riga an rufe, an yanka fulotai, sunaye sun wuce sama. Na fito na tsaya a bakin titi, ban san tsawon lokacin da na yi ba, har wani ɗan acaba ya ce Baba lafiya?

Takardar filina ta fito da girman gida biyu, domin mai tef daga layi har rafi ya auna. Na ɗauke ta na tsaya a ƙofar tsakiya na yi sallama. Tun ranar tantancewa ba ta daina gaishe ni ba, amma ta daina tsokanata, kuma ta kwashe doyarta daga zaure. Na ce mata rabi nata ne, in ta yarda mu je gaban Mai Unguwa da fastonsu a rubuta. Tana tsince wake a tire, ba ta ɗago ba.

"Takardar sunan wa ke ciki?"

"Sunana. Amma za mu rubuta wata."

"Gidan da mijina ya gina da hannunsa, a gaban mutane ka ce zama nake a ciki."

"Ba ni na ce ba, Shehu ne."

"Kai kuma ka ce me?"

Na sunkuyar da kai kan takardar. Ta ce, "Baban Hauwa, ba na fushi irin wanda kake tsammani. Amma ba zan sake zama a bayan ƙofarka ba. In gobe aka sake zuwa da fenti fa?"

Saura mako guda katafila ta zo, da safe na ji bugu daga bayan gida. Na zagaya ta bakin rafi. Ita ce da guduma, ita kaɗai, tana fasa toshin. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce bar shi. Bulo yana faɗuwa sai ga katakon ƙofar Bulus ya bayyana, da shuɗin fentinsa, har ƙusar da yake rataya makullin tifa tana nan. Mutanen layi suka taru suna kallo, har da waɗanda suka ce in tuna da 'ya'yansu. Ta kira a-kori-kura ta tsaya a 'yar hanyar rafi, matan zumunta suka taya ta. Duk kayanta ta wannan ƙofa suka fita, ko tsintsiya ba ta bi ta zaurena ba. Ta rungume Hajara suka yi kuka. Ku kuna makaranta, ta bar muku doya biyar a ƙofar kicin. Ni ta ce mini, "Sai wata rana, Malam." Ba ta taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Ta ce Kaduna za ta, wurin ƙanwarta. Bayan shekara na je da kwatancen da matan cocinsu suka ba ni, aka ce sun tashi bayan wani rikici. Na je wani ƙauye a wajen Zonkwa da aka ce nan ne garin Bulus, aka nuna mini gidaje uku masu Bulus, ba nasa a ciki. Na rubuta wa Yohanna ta hannun wani soja, ban san ko ta isa ba. Hajara har ta rasu tana tambayata ko an ji wani abu.

Yanzu kun gane abin da ya sa gidan nan na hanyar Bida ya tsaya a rabin fili, rabin kuwa na kewaye shi na bar wa ciyawa. Na san ɗaliban jami'ar da ke Gidan Kwano suna neman ɗaki ido rufe, na san kun kawo mini birkila har sau biyu na kore shi, kun ce tsufa ne. Ba namu ba ne. Na rubuta haka na sa hannu gaban liman da mutum biyu, takardar tana cikin akwatin kayan gyarana. Matar Chanchaga ba ta faɗi daidai ba, amma Hauwa, kada ki sake yin faɗa a kaina.

Abin da nake roƙo, ku da duk wanda wannan rubutu ya je hannunsa: sunanta Rifkatu, matar marigayi Bulus direban tifa, ta zauna a Layin Rafi bayan Dutsen Kura tana sayar da doya. Doguwa ce, tana da wushirya, in tana raye yanzu ta tsufa. Ɗanta Yohanna soja ne, ko ya yi ritaya. Wanda ya san inda take, ko inda aka binne ta, ko inda Yohanna ko 'ya'yansa suke, don Allah ya sanar da 'ya'yana, ko ya tambayi tsohon mai gyaran keken ɗinki a unguwarmu, kowa ya san ni. In kun same ta kada ku ce ina neman gafara, kada ta ƙi zuwa saboda wannan. Ku ce mata filinta yana bakin hanya, na bar masa wurin ƙofa ta kansa, kuma a wannan karon sunanta za a rubuta.